FIZIK: KARATUN DA KE BAKIN RIJIYA



Yaranmu da ke kwalej a Maine Sorowa ko a Diffa suna yin wani karatu da ake kira fizik. Da yawa daga cikinmu mun ji sunan a bakinsu, amma ba mu san abin da ke ciki ba. Wani ma yana cewa: “Wannan karatun me zai ƙara wa garke ko gona?” Sai ya cire yaro daga lakwal, ya ba shi sanda. Ni ma ban yi kwalej ba, a firamare na tsaya. Amma wani abu ya faru da ya sa na tashi daga Ngelbeli na je na ga yadda ake koyar da shi. Abin da na gani ne zan ba ku labari.

Fizik shi ne sanin yadda abubuwa ke aiki: nauyi, da ƙarfi, da ruwa, da iska, da zafi, da haske, da wutar lantarki.

INJIN DA YA ƘI JAN RUWA

Ina da suruki mai noman tattasai a kwarin Komadugu. Ya sayar da tumaki uku, ya sayi injin ban ruwa. Da fari inji yana aiki lafiya lau. Da rani ya yi nisa, kogi ya janye, sai ya koma ja daga rijiyar lambu. Ruwan rijiya ma ya yi ƙasa. Inji yana ta kuka, yana shan mai, amma ko ɗigo ba ya fitowa. Ya kai shi wajen makaniki sau 2. An kwance, an ɗaura, an ce lafiyarsa lau. Ya yi faɗa da wanda ya sayar masa. Kwana 8 tattasai bai sha ruwa ba, fure ya fara zubewa.

Ƴarsa da ke ajin ƙarshe na kwalej ta zo hutu. Ta ce: “Baba, a ba ni igiya da dutse.” Ta zura a rijiya, ta auna daga inji zuwa kan ruwa. Mita 9 ne da ɗan wani abu. Ta ce: “Baba, injinka ba shi da laifi. Ya yi nisa da ruwa ne.” Aka gina rami mai zurfin mita 2 kusa da rijiya, aka saukar da inji ciki. Ruwa ya fito.

Ina ta san wannan? Mushensu ne ya nuna musu a aji. Da na je, ni ma ya nuna mini.

Ya cika kofin gilashi da ruwa har baki. Ya rufe da guntun kwali, ya dafa, ya kife kofin, ya janye hannunsa. Ruwa bai zube ba. Yara suka yi ta dariya. Ya ce ba sihiri ba ne. Iskar da muke shaƙa tana da nauyi, tana danna kowane abu ta kowane gefe, har daga ƙasa zuwa sama. A kan wuri mai faɗin farcen yatsa, wato santimita 1 tsawo santimita 1 faɗi, dannawarta ta kai kilo 1. Ita ce ta tallafe kwalin.

To, injin ban ruwa ba ya jawo ruwa kamar yadda muke jawo guga. Abin da yake yi shi ne ya rage dannawar da ke cikin tiyo. Sai iskar waje ta danna kan ruwan rijiya, ta tura shi cikin tiyo zuwa sama. Ƙarfin iska kuwa yana da iyaka. Ga lissafin. A ce bakin tiyo yana da faɗin farcen nan, tsawonsa mita 10. Ruwan da zai cika shi lita 1 ne. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Nan nauyin ruwa ya yi daidai da ƙarfin iska, ruwa ya tsaya. Ko an sa tiyo mai faɗi, tsawon bai canza ba, don iska ta ƙaru, ruwa ma ya ƙaru. Wannan a lissafi ke nan. A gona kuwa, da wuya inji ya wuce mita 7 ko 8, saboda ruwa yana gogar cikin tiyo, kuma iska tana ɗan shiga ta mahaɗi.

Masu famfo a ƙasar Italiya sun daɗe da lura da haka. Wani masani mai suna Toriceli shi ne ya bayyana dalilin a wajejen shekarar 1643. Kun ga ke nan matsalar surukina ta girmi kakanninsa.

Inji ba ya iya tsotso daga nesa, amma yana iya turawa sama da nisa. Shi ya sa a rijiyar burtsatse mai zurfi ake zura famfo har cikin ruwa, ya turo daga ƙasa.

Hattara a nan! Hayaƙin inji yana da guba marar wari. A cikin rami ko rijiya yana taruwa, ya kashe mutum. Idan kun saukar da inji, ramin ya zama mai faɗi, a buɗe. Kada kowa ya zauna ciki inji yana aiki. Kada a taɓa saukar da inji mai aiki cikin rijiyar da mutum ke ciki.

JIGO DA KURA

Darasi na biyu da na gani, na sanda ne da tsabar kuɗi. Mushe ya ɗora rula a kan fensir, tsakiyarta daidai. Ya sa kuɗi guda 1 a nisan santimita 15 daga fensir. Ya tambayi yara: “A ɗaya gefen, a nisan santimita 5, guda nawa za mu sa ta tsaya daidai?” Wani ya ce 2, wata ta ce 5. Bai ce wa kowa ya yi kuskure ba. Ya ce a gwada. Aka gwada, guda 3 ne. 1 sau 15 ya ba da 15. 3 sau 5 ma 15.

Ina gani sai na ce: ai wannan jigo ne! Dattawanmu na bakin Komadugu sun yi ban ruwa da jigo tun kafin inji ya zo. A ce itacen jigo mita 4 ne, an rataye shi a mita 1 daga gindi. Guga mai lita 20 tana can a nisan mita 3. 20 sau 3, 60 ke nan. To, curin laka mai kilo 60 a gindi zai tallafe gugar nan cike da ruwa, in ba a lissafa nauyin itacen ba. Kakanninmu sun san wannan da hannu, suna ƙara laka suna ragewa har ya daidaita. Yaron kwalej yana saninsa da alƙalami tun kafin a sari itace.

Sai kura, wadda kowane makiyayi ya sani. A rijiya mai mita 30, wasaki mai lita 40 kilo 40 ne. Raƙumi ko sa ya tafi mita 30, wasaki ya iso baki. Mutane da yawa suna tsammani kurar da ke kan itacen rijiya tana rage nauyi. Ba ta ragewa. Hanyar ja kawai take juyawa, don dabba ta ja a miƙe. Yara sun tabbatar da haka da sikelin rataya da kwarkwaron zare. Amma da suka ƙara kura ta biyu, suka rataye kaya a jikinta tana hawa tare da shi, sai sikeli ya nuna kusan rabi. Saura da me? Igiyar da za a ja ta ninka. Kilo 40 ya koma kamar 20, amma mita 30 ta koma 60. Mai jaki maimakon raƙumi, ya yi tunani a kan wannan.

Wata yarinya ta tambaya me ya sa sikeli bai nuna rabi cif ba. Aka ɗiga mai a sandar da kura ke juyawa a kai, aka sake aunawa, ya ragu. Kurar da ke kuka a bakin rijiya, ƙarfin dabbarka take ci.

WUTA, ZAFI DA TSAWA

Da pil 2 na tocila, da guntun waya, da ƙaramin ƙwan fitila, yara suka haɗa wuta. Kowane pil volt 1 da rabi ne, biyu a jere volt 3. Suka yanke waya, suna sa abubuwa a tsakani. Ƙusa, fitila ta kama. Cokali, ta kama. Busasshen kara da roba, ba ta kama ba. Suka tsoma bakin waya biyu cikin ruwan da aka jiƙa kanwar Manga, sai ƙwan ya ɗan yi haske. Nan suka gane dalilin da ya sa ba a taɓa waya da hannu mai gumi ko jiƙaƙƙe. Mushe ya ja musu kunne: wannan gwaji da pil kaɗai ake yinsa. Wutar NIGELEC volt 220 ce, ba a wasa da ita.

Na zafi kuwa, kwalba biyu ne cike da ruwa. Aka naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, aka rataye su a inuwa inda iska ke bi. Bayan awa 1, mai tsumma ta fi sanyi. Ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi. Aikin randa da salka ke nan.

Akwai wanda ya fi shafar makiyayi. Haske yana tafiya kilomita 300.000 a daƙiƙa 1. Ƙara kuwa mita 340 kawai take yi. Idan ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In ka ƙirga 9, tana nisan kilomita 3. In lissafi yana raguwa, hadari yana matsowa. Ka bar kan tudu, ka nisanci itace guda da ke tsaye shi kaɗai a fili, ko da garke ya ruga ƙarƙashinsa.

INA KAYAN AIKI?

Gaskiya ita ce ba kowace makaranta ce ke da ɗakin gwaje-gwaje ba. Tun da aka kawo hari Diffa da Boso a watan Fabrairu na 2015, makarantu da dama na bakin kogi sun rufe ko sun ƙaura, yara da yawa sun yi karatu a rumfar zana. Inda babu kaya, malami yakan rubuta a allo, yara su kwafe, su haddace da Faransanci. Yaro ya iya faɗin darasi ba tuntuɓe, amma a ba shi pil da waya ya kasa kunna fitila. A ganina wannan asara ce. Kuma shi ke sa uba ya ce karatu ba shi da amfani.

Amma duk abin da na lissafa muku, babu wanda aka sayo daga Yamai. Gomnati ma ta san wannan hanya. A 2006 ta buɗe wani shiri tare da ƙasar Japan mai suna SMASSE, don horar da malaman lissafi da kimiyya na sakandare. Abin da ya koyar shi ne yaro ya taɓa da hannunsa, malami kuma ya ƙera kayan gwaji da abin da ke kusa da shi.

Kada kuma wani ya ce fizik na Turawa ne. Farfesa Abdu Mumuni Jofo ɗan Nijar ne. An haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi zurfi a fizik a Faransa. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ofishin binciken ƙarfin rana a Yamai, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da rana. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Ya rasu ran 7 ga Afrilu 1991. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Yau ga farantin hasken rana a kan famfunanmu da shagunan cajin salula. Idan suka lalace, wa zai gyara mana? Yaron da ya wuce kwalej zai iya shiga Lise Idris Alawma a Diffa. Akwai kuma jami'a a Diffa, wadda aka kafa a 2014.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Kada mu zubar da matacciyar tocila ko tsohuwar rediyo. A bayan lasifikar rediyo akwai maganaɗisu, a ciki akwai waya. Guntun tiyo, tsohuwar kura, gwangwanin tumatir, sifok ɗin keke, fasasshen madubi, duk kayan aji ne. A tara su, a ba kwamitin iyayen yara ya kai wa mushe.

Mai injin ban ruwa ko famfon rana ya bar malami ya kawo ɗalibai lambunsa, ko da sau 1 a shekara. Su auna daƙiƙa nawa inji ke cika duro mai lita 200. In daƙiƙa 40 ce, lita 5 ke nan a daƙiƙa. Shi ma mai lambu ya ƙaru, don zai san ranar da injinsa ya fara rauni.

Idan yaro ko yarinya sun zo hutu, a tambaye su: “Me kuka gwada bana?” A ce su nuna da Hausa, ko Barbarci, ko Fillanci. Wanda ya iya bayyana wa kakarsa, ya gane.

A cibiyarmu ta yaƙi da jahilci ta Ngelbeli, mun gwada na kofi da kwali ranar kasuwa da yamma. Wani dattijo ya ce sai ya yi da hannunsa. Ya yi sauri wajen kifewa, ruwa ya jiƙa masa riga. A karo na biyu ya tsaya. Mako mai zuwa za mu je bakin rijiya da sikeli da kura biyu. Mai igiya mai tsawon mita 60 ya zo mana da ita.