Kiɗa Ke Bin Rawa, Ko Rawa Ke Bin Kiɗa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Dutse, Jihar Jigawa, ya ce gardama ta kaure a majalisarsu: wai makaɗi ne ke ƙaga kiɗa masu rawa su bi shi, ko kuwa rawar ce ake tsara wa kiɗa?

AMSA: To malam, Hausawa dai kan ce in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja, amma sau da yawa ƙafa ce ke gaba. Dubi makaɗin gangar noma a wurin gayya. Ba ya bugu yadda ya ga dama, da saran garma yake aunawa. In ya cika sauri manoma su galabaita tun hantsi, in ya yi sanyi aiki ya kwanta. Haka 'yan hoto masu cilla garma sama su cafe, makaɗi na lura da hannunsu ne.

Kalangu kuwa na mahauta ne tun asali. Da shi ake yi wa ɗan dambe take, da shi kuma 'yan mata ke rawa a dandali, amma bugun ba ɗaya ba ne. Na dambe zuga ne, na dandali kuwa sai ya bar wa tafi da amshi wuri.

Ba mu kaɗai ba ne. A Faransa, zamanin Sarki Luwi na 14, makaɗin fadarsa Lully kan saka raye-raye cikin wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, kowace rawa da ma'auninta. Minuwet ƙirga uku-uku ce cikin natsuwa. Saraband ma uku ce, sai dai a hankali, nauyinta na kan bugu na biyu. Jig kuwa ta sauri ce da tsalle. Takun ne ke yanke wa mai tsara kiɗa tsawon kowace gaɓa. Shi Lully da doguwar sanda yake buga ƙasa don daidaita makaɗa, har ya buge ƙafarsa, ciwon ya ruɓe, ya mutu a 1687.

Bambancin shi ne su sun rubuta nasu a takarda, namu a hannun makaɗa yake, ɗa ya gada wurin uba. Yanzu da fiyano da lasifika suka mamaye bukukuwa, makaɗin da ya rasu ba magaji yakan tafi da takensa. In akwai tsohon makalangci a unguwarku, ku ɗauki bugunsa a waya, ku tambaye shi sunan kowane take da rawar da ake yi masa.