Abin da ke Sa Gam Ya Kama Faiba

Faiba roba ce da ake ƙarfafa ta da zaren gilashi. Da ita ake gyara bambar mota da tankin ruwa a garejojin Sabon Tasha ta Kaduna, kan hanyar Kachia, har zuwa Kafanchan. Ƙarfin liƙin ya dogara ne kan yadda aka yi aikin, fiye da tsadar gam ɗin.

Farkon abu shi ne fuskar da za a liƙa. Faiba kan fito daga masana'anta da ragowar man da ke hana ta manne wa mazubi, kuma gam ba ya kama wannan man. Dole a kankare wurin da samfefa har shekin ya gushe, a goge da asiton, a bari ya bushe. Ko zufar yatsa tana rage kamu. Nan ne gaggawa ta fi ɓata aiki.

Sai haɗi. Rezin na foliyesta, wanda ake amfani da shi a matsayin gam, yana buƙatar ruwan daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. In aka zuba da yawa don a gama da wuri, sai ya yi zafi ya tsattsage.

Yanayi ma na da hannu. Danshin damina, wadda ke da ƙarfi a kudancin Kaduna, yana shiga tsakanin gam da faiba. Sanyin asubar hunturu kan jinkirta daskarewa, ƙurarsa kuma ta sauka kan wurin da aka goge. A ƙarshe, ana ɗaure liƙin ba tare da matse gam ɗin ya tsiyaye ba, a ba shi aƙalla awa 24 kafin a ɗora masa nauyi.