Ƙarfe Nawa Ne A Cikin Kuzar Jos?

Duk wanda ya tashi a unguwar Katako ya san kuza ce ta raya garin Jos tun zamanin Turawan mulkin mallaka. Sai dai baƙin yashin nan da ake wankowa ba zallar ƙarfe ba ne, haɗe yake da oksijin. Masana sinadarai suna rubuta shi SnO2, wato ƙwayar zarra ɗaya ta ƙarfen, biyu na oksijin.

Ga yadda ake gano kason kowanne. Nauyin zarrar ƙarfen 118.7 ne, na oksijin 16, guda biyu 32 ke nan. Jimilla 150.7. A raba 118.7 da 150.7, a ninka sau 100: kashi 78.8 cikin ɗari ƙarfe ne, sauran 21.2 oksijin.

Ana kuma iya juya lissafin. Idan kason kaɗai aka samu daga ɗakin gwaji, sai a raba kowanne da nauyin zarrarsa, a sami 0.66 da 1.33. A sake raba su da ƙaramin cikinsu, 1 da 2 su fito. Wato SnO2, ita ce fomula mafi sauƙi.

Saboda haka, komai tsabtar kuza, kilo 100 ba zai ba da ƙarfe kilo 79 cikakke ba.