Daga Ɗan Wasa Zuwa Mai Horarwa: Rayuwar Rassie Erasmus

1.0 Gabatarwa

A wannan darasi za a dubi rayuwar Johan Erasmus, wanda aka fi sani da Rassie, ɗan wasan zari-ruga na Afirka ta Kudu da ya zama mai horarwa. Manufar ita ce a fahimci yadda mutum ke tashi daga matsayin mai aiwatar da sana'a zuwa na mai koyar da ita.

1.1 Wasan Zari-ruga a Taƙaice

Zari-ruga wasa ne da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 15, wato 8 na gaba masu ƙarfin ture da 7 na baya masu gudu, kuma ana shafe minti 80 ana fafatawa. Ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai dai baya ko gefe. Wanda ya dire ta a bayan layin abokan hamayya ya samar wa ƙungiyarsa maki 5. A zamanin mulkin wariyar launin fata, ana kallon ƙungiyar ƙasar, wato Springboks, a matsayin ta fararen fata, don haka baƙaƙe da yawa ba sa goyon bayanta.

1.2 Zamanin Wasansa

An haifi Erasmus ranar 5 ga Nuwamba, 1972, a garin Despatch da ke lardin Eastern Cape. Ya yi suna a ƙungiyar Free State a matsayin ɗan wasan gaba. Ya fara buga wa ƙasarsa wasa a 1997, ya kuma buga mata sau 36 zuwa 2001. Yana cikin tawagar da ta zo ta uku a gasar cin kofin duniya ta 1999. Tun a lokacin an san shi da nazarin faifan wasannin abokan hamayya. Raunuka ne suka tilasta masa ajiye wasa a 2003.

1.3 Shigarsa Aikin Horarwa

Bayan ya ajiye wasa, sai ya koma horar da tsohuwar ƙungiyarsa. A 2005 ya kai ta ga lashe Kofin Currie, wanda rabonta da shi tun 1976. A nan ne ya riƙa hawa rufin filin wasa yana aika wa 'yan wasansa saƙo da fitilu masu launi daban-daban. A 2016 ya tafi ƙungiyar Munster ta ƙasar Ailan. A watan Oktoba na shekarar, mai horar da ƙungiyar, Anthony Foley, ya rasu kwatsam a birnin Paris, nauyin riƙe 'yan wasan cikin jimami ya faɗo a kan Erasmus.

1.4 Farfaɗo da Springboks

A 2017 Niyu Zilan ta lallasa Afirka ta Kudu da ci 57 da nema. Cikin wannan hali aka damƙa wa Erasmus ragamar ƙungiyar a 2018. Ya naɗa Siya Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiyar a wasan ƙasa da ƙasa. Haka kuma ya sauya tsarin 'yan canji: daga cikin 8, yakan ajiye 6 na gaba, domin su shigo da sabon ƙarfi lokacin da abokan hamayya suka gaji. A 2019 a Japan, ƙungiyar ta sha kashi a wasanta na farko, amma ta doke Ingila da maki 32 da 12 a wasan ƙarshe. A 2023 a Faransa, yana matsayin daraktan wasan, Jacques Nienaber kuma yana babban mai horarwa, ta sake ɗaukar kofin bayan ta ci wasanni uku na ƙarshe da ratar maki ɗaya kacal kowanne. A 2024 ya koma kujerar babban mai horarwa.

Sai dai mutum tara yake, bai cika goma ba. A 2021 ya yi wani faifan bidiyo na kimanin sa'a guda yana sukar alƙalin wasa, lamarin da ya sa hukumar wasan ta duniya ta dakatar da shi.

1.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa iya wasa daban, iya koyar da shi daban. Abin da ya ɗaga Erasmus shi ne shiri kafin aiki, da sanin baiwar kowane ɗan wasa, da bayar da dama bisa cancanta. Kuskurensa na 2021 kuwa yana nuna cewa gwaninta ba ta ɗora mutum a kan doka. Malamin da ya shiga aji ba tare da shiri ba, ko ya fifita wasu ɗalibai saboda asalinsu, ya rasa ginshiƙan da wannan nasara ta tsaya a kansu.

1.6 Auna Fahimta

1. Me ya sa naɗin Siya Kolisi ya zama muhimmi a tarihin Afirka ta Kudu?
2. Bayyana hikimar ajiye 'yan gaba 6 a cikin 'yan canji.
3. Kawo kamanci biyu tsakanin aikin mai horarwa da na malamin aji.