Mena: raga ba ta ɗan wasa ɗaya ba ce

Duk ɗan kasuwa ya san cewa rumfar da ta dogara da haja guda, ranar da hajar ta yanke sai zaman jiran gawon shanu. Haka abin yake a ƙwallon ƙafa, kuma ƙungiyarmu ta ƙasa, Mena, ta sha ɗanɗana kuɗarta a kan wannan.

Mu tuna hanyar zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012. A watan Oktoba na 2010, a Yamai, Moussa Maazou ya jefa ƙwallo ɗaya tilo da ta kayar da Masar, mai riƙe da kofin a lokacin. Muka doke Saliyo da ci 3 da 1, Afirka ta Kudu da ci 2 da 1. Amma a wasanni 3 da muka yi a waje, ko sau ɗaya ba mu taɓa raga ba. Murnar samun gurbi ta rufe mana ido.

Da aka je gasar, asiri ya tonu. Gabon ta ci mu 2 da nema, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da nema. A 2013, a Afirka ta Kudu, Mali ta ci mu 1, muka yi canjaras da Kwango babu ci, Gana ta zuba mana 3. Wasanni 6, ƙwallo ɗaya kacal, ita ma William N'Gounou ne ya ci ta.

A fadodin shan shayi, daga Arlit har nan Tchibarakaten wajen masu haƙar zinariya, gwanin gaba ake fara tsinewa. To amma in ƴan baya biyu sun tsare shi, ina ƴan tsakiya? Ina ƴan gefe, da masu jira a benci? Kowa ya sa rigar ƙasa, raga na binsa bashi.

A Kanada, inda ake wasan hoki a kan ƙanƙara, ƙungiya kan jera ƴan gaba sahu 4, kowane sahu mutum 3, ana musanya su kusan kowane minti. A can, in sahun farko kaɗai ke ci, kowa ya san ƙungiyar ba za ta yi nisa ba.

Mu ma mun ga haka a 2024. A wasanni 4 na farko na neman gurbin gasar 2025, Mena ta ci ƙwallo ɗaya. Da ƙafafu suka yawaita a watan Nuwamba, ta lallasa Sudan 4 da nema, ta bi Gana har Akara ta doke ta 2 da 1, ɗan baya Oumar Sako ne ya ci ta ƙarshe. Sai dai an makara: maki ɗaya ya raba mu da Sudan, ita ta tafi, mu muka zauna.

Gyara daga tushe yake farawa, daga ƙungiyoyi irin su Akokana da Urana na Arlit, da wasannin unguwa da ku alhazai da hajiyoyin kasuwa kuke saya wa riguna da kofi. In mai horarwa ya zo neman gudummawa, kada ku tsaya ga tambayar wane ne gwaninsa. Ku tambaye shi yara nawa ne suka ci masa ƙwallo bana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.