Isawan: wa zai zama likitan iyali inda likita ya yi ƙaranci?

A manyan biranen Faransa da Kanada, kukan jama'a shi ne ba su samun « likitan iyali », wato likita guda wanda ya san maigida da matansa da ƴaƴansa, yana bin lafiyarsu shekara da shekaru. Idan aka kawo wannan magana a Isawan, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 8 na gundumar Mayayi, sai ta ɗauki wani salo dabam. A nan duk wanda ya sa farar riga, « likita » ake ce da shi, ko da kuwa bai taɓa shiga jami'a ba. Wanda ya gama karatun likitanci kuma, sai an je babban gari ake da tabbacin ganinsa.

Lissafi ya nuna dalilin haka. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3 a jahar Maraɗi, kuma gundumomin Mayayi da Tasawa kowace ta wuce rabin miliyan. Mizanin da hukumomi ke aiki da shi, na Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, shi ne likita guda ga mutum 10.000. Nijar ba ta kusa da wannan mizani, kuma ƴan likitocin da take da su, kaso mai yawa suna Yamai. Makarantar koyon likitanci ta jami'ar Yamai tana aiki tun 1974, a 2011 kuma gwamnati ta ɗauki likitoci fiye da 500 a lokaci guda. Amma saurayin da ya shafe shekara bakwai ko takwas yana karatu ba ya ɗokin zama inda babu lantarki, babu ɗakin awon jini, babu makarantar da yake so wa ƴaƴansa. Ba a ce ya yi daidai ba. An dai faɗi abin da ke faruwa.

Saboda haka aka shirya kiwon lafiya hawa-hawa. A ƙauye akwai ƙaramin gidan likita, irin waɗanda aka gina da yawa ƙarƙashin shiri na musamman na shugaba Tanja Mamadu daga 2001. Sama da shi akwai cibiyar lafiya da ake kira CSI, wadda ma'aikacin jinya ke shugabanta, shi ne jama'a ke kira majo. Abin da ya fi ƙarfin majo sai ya rubuta takarda ya tura asibitin gunduma a Mayayi, ko da yake wasu iyalai sukan nufi Tasawa, gwargwadon inda hanya ta fi musu sauƙi. Daga can sai Maraɗi.

To, a cikin wannan tsari, majo ne ke riƙe da matsayin likitan iyali, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Shi ya san matar da ta sha wahala a haihuwar bara, shi ya san gidan da tamowa ke komowa duk bazara, shi ya san tsohon da hawan jini ke damu amma yake daina shan magani da zarar ciwon kai ya lafa. Wannan sani ba a koyar da shi a makarantar lafiya ta Damagaram. Zama da mutane ke kawo shi. Shi ya sa yawan canja wa ma'aikata wurin aiki yake da illar da ba ta fitowa a rahoton wata-wata. Ranar da aka ɗauke majon da ya shekara biyar a gari, an ɗauke tarihin gidaje ɗaruruwa tare da shi, sabon zuwa kuma sai ya fara tambaya daga farko. Masu sa hannu a takardun canjin aiki ya kamata su auna wannan.

Jahar Maraɗi ba baƙuwa ba ce a wannan tunani. Tun shekarun 1960 aka fara horar da masu taimakon gaggawa da ungozomomi waɗanda ƙauye da kansa ya zaɓa, a ba su akwatin magani. A 1975 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa labarin wannan aiki na Maraɗi cikin wani littafinta, shekara uku kafin taron Alma-Ata na 1978 da ya ɗaga darajar kiwon lafiya matakin farko.

Akwai kuma abin da ke hannun maigida. Na farko shi ne karnen lafiya. Inda ba a ajiye tarihin mara lafiya a kwamfuta, wannan ɗan littafi shi kaɗai ne ke bin mutum daga ƙauye zuwa Mayayi har Maraɗi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya duba ranar allurar rigakafi da ranar komawa awo, ya karanta wa maƙwabcinsa nasa. Sai a adana shi inda gara da ruwan damina ba sa kai wa. Na biyu, a riƙe cibiya guda. Mai zuwa nan yau, gobe wajen mai tallar ƙwayoyi a kasuwa, jibi ya ƙetara Katsina, babu ma'aikacin da zai san ciwonsa daga tushe.

Kuɗi ma suna cikin lissafi. Tun 2006 doka ta ɗauke wa iyaye kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na awon ciki, amma jinkirin da gwamnati ta riƙa yi wajen mayar wa cibiyoyi kuɗinsu ya sha barin ɗakin magani fayau, har iyaye su koma saye a waje. Kuɗin amalanke ko kabu-kabu kuwa, doka ba ta ɗauke wa kowa ba. Abin ya fi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika cibiyoyi, rumbu bai gama cika ba, hanyoyin rairayi kuma ruwa ya ɓata su. A wannan lokaci ne ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin kariya sau ɗaya kowane wata, kuma masu rabon galibi ƴan garin ne, waɗanda suka san kowace uwa da sunanta.