Sahun Juma'a da Amanar Fatauci: Yadda Hausawan Sabo Suka Riƙe Asalinsu a Ibadan

Ranar Juma'a idan rana ta take, harkoki sukan tsaya a unguwar Sabo da ke Ibadan, jama'a su nufi masallaci. Wannan sahu yana da tarihi, kuma tarihin nasa a ɗaure yake da kasuwa.

An kafa Sabo a 1916, zamanin mulkin Turawa, domin Hausawan da fatauci ya kai ƙasar Yarbawa. Arzikin unguwar shanu ne da goro: shanu su gangara kudu, goro ya haura arewa. Cinikin kuwa a kan bashi yake tafiya. Falke ya sauka wurin mai gidansa, dillali ya sayar wa mahauta Yarbawa shanu, kuɗi su biyo baya, ba tare da takarda ba. Jarin kowa mutuncinsa ne.

Muddin Turawa suna mara wa sarkin unguwar baya, shi ke tsawata wa duk wanda ya ci amana. Da siyasar jam'iyyu ta kunno kai a farkon shekarun 1950, sai ikonsa ya soma raguwa. A daidai wannan lokaci ne akasarin mazan Sabo suka karɓi ɗariƙar Tijjaniyya. A 1952 kuma suka daina halartar babban masallacin gari, inda suke bin sahu ɗaya da Yarbawa, suka tsayar da tasu Juma'ar a cikin unguwa.

Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Sabo ya wallafa littafi a kanta a 1969, ya nuna abin da hakan ya haifar. Wazifar kullum da zikirin yammacin Juma'a sun riƙa tara attajiri da ɗan dako a wuri guda, kowa ya san kowa. Malamai suka zama masu faɗa a ji, masu sasanta rigima. Wanda ya cinye kuɗin falke, da wace fuska zai zauna cikin da'irar gobe?

Masu ibadar don Allah suka yi, ba don ciniki ba. Sai dai haɗuwar yau da gobe ta raya harshe da zumunci da amana, ko da yake ta ƙara tazara tsakaninsu da 'yan'uwansu Musulmi masu masauki. Wannan tazara ita ce ƙalubalen da ke gaban kowane zango, daga Sabo har Kumasi: yadda baƙo zai tsare asalinsa ba tare da ya juya wa maƙwabcinsa baya ba.